Tsuntsun da Ya Sauka a Kan Turke

Ka ce ba za ka yarda a kwantar da kai a asibiti ba sai ka ga an rufa ginin gidan nan naka, ko? To, gyara zama, ɗan'uwa, in ba ka wani misali.

An yi wani mutumin ƙasarmu da aiki ya kai shi kudu, bakin teku. Allah ya jarrabe shi da son kallon tsuntsaye. Ba ya harbi, ba ya kamawa, shi dai ya gani. Duk ranar hutu sai ya rataya madubin hangen nesa a wuya, ya bi gaɓa tun da safe, ya dawo da yamma takalmi cike da yashi. Akwai wani tsuntsu guda da ya hana shi sakat, fari fat, mai jan baki, da baƙin tabo a ka kamar an kifa masa hula. An ce masa daga ƙasashen sanyi yake zuwa, kuma ba kowace shekara ba. Ya sha faɗa wa abokansa cewa in dai ya gan shi sau ɗaya, ko ranar ya mutu bai yi asara ba. Ka ji fa, baki shi ke yanka wuya. Wata rana ya iso wani wuri ya tarar ruwa ya janye can nesa, ya bar fili fetal, yashi da laka iya ganinka, tsuntsaye sun cika shi. Shi kuwa a garinsu in kogi ya ƙafe sai damina, har ƙwallo ake bugawa a cikinsa. Bai san teku na tafiya ya dawo a yini guda ba, bai kuma tambayi kowa ba. Ya naɗe wando ya shiga. Can ya hango wani abu mai kama da abin nemansa. In ya matsa sai tsuntsun ya ƙara gaba, shi ma ya bi, ido na cikin madubi, ko sau ɗaya bai waiwaya ba.

Kwatsam sai tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, wuri ya yi tsit. Ya ji sanyi a idon sawunsa. Da ya juya, sai ya ga ruwa ya zagayo ta bayansa, ya raba shi da gaɓa, yana tahowa shiru kamar mai sanɗa. Ya zabura da gudu, laka ta cinye takalmansa, ta riƙe masa ƙafa. Ya kwarma ihu, iska ta kwashe. Ga shi bai iya iyo ba. Da ƙyar ya kai ga wani turke da masunta suka kafa don ɗaure raga, ya rungume shi. Ruwa ya zo gwiwa, ya zo ƙugu, ya zo ƙirji. Madubin nan da yake ji da shi ya ga yana ja masa wuya, ya cire ya sake shi. Ya tuna 'ya'yansa, ya tuna babu mahaluƙin da ya san inda ya nufa, sai kuka, sai kalmar shahada. Ruwa ya taɓa haɓarsa, yana ɗage kan yatsun ƙafa, gishiri na shiga baki. A nan ne ya ji fuka-fuki bisa kansa. Tsuntsun nan ne, shi ma ya rasa busasshen wuri, ya sauka a kan turken, tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba. Turke ya ɗan girgiza. Mutumin ya ɗaga murya a firgice ya ce, "Kai, tashi, kada ka kayar min da shi!" Allah ya sa yana da sauran shan ruwa, masunta masu dawowa gida suka tsamo shi, suka ce sun ga wani farin tsuntsu mai jan baki ya tashi daga kan turken. Daga baya abokansa suka ce ya kwatanta musu tsuntsun, tunda ya gan shi ido da ido. Ya ce wallahi bai san kamanninsa ba, turken dai yana iya gaya musu inda ya tsage.

Saboda haka tashi mu tafi wurin likita, gini ba gudu zai yi ba. Kai ma ranar da ruwan ya zo maka haɓa, ko an miƙo maka makullin gidan ba za ka dube shi ba. Hausawa sun riga sun faɗa: ana ta kai, wa ke ta kaya?