Shamuwa da Randuna Bakwai

Abin kamar wata maginiyar tukwane ne a wani ƙauye. Hannunta da albarka, randar da ta gina ko a tsakiyar bazara ka sha ruwanta sai haƙoranka sun amsa. Aibinta ɗaya ne tak, komai sai ta ce bari sai gobe. To, a wannan bazarar ta gina wasu ƙosassun randuna guda bakwai, ta jera su a tsakar gida suna shan rana. Sun bushe ƙayau, gashi kawai ya rage. Ɗanyar randa kuwa, komai kyanta, laka ce. In ruwa ya riga wuta taɓa ta, shi ke nan, ta koma inda ta fito. Kuma da su take so ta ci kasuwar ƙarshe kafin damina, don in ruwa ya zauna, gashi sai kaka.

Ran Litinin shamuwa ta sauka a kan kukar bayan gida. Ran Talata iska ta juyo daga kudu, da ɗan danshi-danshi, gumi kuwa kamar an watsa wa mutum ruwa. A rediyo aka ce za a ƙara shan zafi kwana biyu, daga Alhamis zuwa Juma'a a sa ran ruwa da iska mai ƙarfi. Maƙwabciyarta, ita ma maginiya ce, irin mutanen nan da ba sa iya zama wuri ɗaya, tuni ta kwaso kara da busasshen kashin shanu, ta gasa nata, ragowar karan ta cusa a zaure. Ta leƙo ta kan danga ta ce, "Yaya, ba ki ga baƙuwar da ta sauka kan kuka ba?" Maginiya tana fifita da faifai ta ce, "Ke dai kin cika rawar kai. Shamuwa ce ke riƙe da makullin sama? Bara ma sati uku ta yi tana tsaye da ƙafa ɗaya, ko ɗigo." Nata karan kuwa yana can gona, ko dami ɗaya ba ta ɗauro ba.

Alhamis da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Nan fa maginiya ta miƙe, zani a hannu. Ta nufi gona ɗauko kara, iska ta koro ta tun daga bakin hanya. Ta ce to bari a shigar da randunan ɗaki. Ta rungumo ta farko tana nishi, ta kai bakin ƙofa, randa ta ce ba ta san zancen ba, ta fi ƙofar faɗi! Ta rufa musu tabarma, iska ta yi gaba da ita. Ta rufa zani, shi ma ya bi tabarma. Da ƙyar ta tura biyu ƙarƙashin rumbu, sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, manoma na ta hamdala, ita kuwa tana tsaye a jiƙe sharkaf tana kallon randuna biyar suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya, kamar raƙuma sun iso zango.

Da safe gari ya yi sanyi luf. Maƙwabciya ta shigo da ƙwarya cike da ruwan saman da ta tara a sabuwar randarta, ta miƙa mata, tana ta cije leɓe kar dariya ta ƙwace. Maginiya ta sha, ta dubi tulin laka a tsakar gida, sai ita ta fara fashewa da dariya. Ta ce, "Ko ba komai, an jiƙa mini yumɓun baɗi kyauta." Ran Asabar rana ta fito, suka gasa biyun nan da karan zauren maƙwabciya, da su ta je kasuwa. Shamuwa na nan kan kuka da ƙafa ɗaya, maginiya ta wuce ta har da gaisuwa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.