Gurbin Ɗaliba

Tun da aka sallami malaman Azare aka kafa allo mai magana a kowane aji, Malama Turai ke zarya ofishin Sagiru, dillalin ayyuka. Duk gurbin da ta gani a shafin neman aiki, sai a ce shekarunta sun yi yawa.

Ranar Talata ya kira ta. "Malama, kamfanin allon na neman mutum."

"Lissafi zan koyar?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗaliba suke so. Za ki riƙa ba allon amsar da ba daidai ba, don ya koyi haƙuri da yara. Wai ba wanda ya san kurakuransu kamar tsofaffin malamai."

Ta karɓa, don gida ba hatsi.

A ɗakin aikin ta tarar da tsohon hedimastansu, Malam Bawale, zaune a ɗan benci, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Kowa ya kau da kai.

Allon ya ce, "Turai, bakwai sau takwas?"

"Hamsin da huɗu."

"Kin yi ƙoƙari, yarinya. Sake gwadawa."

Kafin ta buɗe baki, Malam Bawale ya ɗaga hannu yana neman izinin zagayawa.

"Bawale," in ji allon, "jira a kaɗa ƙararrawa."

Ya sauke hannun.