Icen Kwakwar Kan Tudu

Aibina ɗaya ne, ban da waɗanda matata ta sani: ba na duba iska kafin in cinna wa sassabe wuta.

Ranar ma haka na yi. Kafin in waiwaya wutar ta rabu biyu, ɗaya ta nufi rumbun shinkafarmu, ɗaya ta hau tudu wajen icen kwakwar daji. Lokacin da muke yara, kwakwar daji iri tara ce a dajin nan, na jinka daban, na saƙar kwando daban. Gatari da wuta sun gama da su. Wata masaniyar itatuwa daga Antananarivo, babban birninmu, ta ce wannan ne na ƙarshe a irinsa, ni kuwa na bugi ƙirji a gaban jama'a cewa zan tsare shi har ya zuba 'ya'ya.

"Baban yara, rumbu!" matata ta ƙwala ihu. "Ganye za mu ci bana?"

"Shinkafa ana sake shukawa!" na ce, na haye tudu da ɗanyen reshe.

Na yi ta bugun wuta har gashin girata ya tafi. Icen ya tsira, rumbu ya zama toka.

Na sauko ina tari, ina jiran yabo. Wani tsoho maƙwabcinmu ya daɗe yana kallon furen icen.

"Sannu jarumi. Ai wannan namiji ne, ba ya 'ya'ya. Ina macen da ke gefensa?"

Macen ni na sare ta, shekara uku ke nan. Farar zuciyarta, wato ɓargon nan mai laushi na ƙoƙon kanta, muka dafa a bikin 'yata, har na yi ƙari.