Ɗan Baƙin Allo

Ta shanye rubutun da kaka ta miƙo mata, tana mamakin tsaminsa. Yau za ta tsaya gaban malaman jami'a ta kare bincikenta.

Shekaru ta kwashe a ɗakin bincike tana shimfiɗa wani baƙin sinadari, siriri fiye da gashi, kan ɗan allon lu'ulu'u da bai wuce farce ba. In ya sha sanyi, lantarki na ratsa shi babu asara. Duk allunan da ta yi a baya, ƙwayoyin sinadarinsu sun karkace. Wannan kaɗai na'ura ta nuna sun jeru kamar sahun salla. Jiya ta nuna wa tsohuwar, ta ce, "Kaka, duk karatuna yana kan allon nan."

Ta buɗe akwatin da take ajiye allon don duban ƙarshe. Allon ya yi fari fes. Hayaniyar baburan unguwarsu ta New Bell ta ɗauke mata ɗif.

"Kaka, me na sha?"

"Karatunki mana, 'yar nan," in ji tsohuwar, tana murmushi. "Tawadar Nasara akwai taurin kai, sai da na haɗa da lemon tsami. Yanzu yana cikinki. In ga mai ƙwace shi!"