Rigar da Tela Bai Yanke Ba

Ta kasa zama. Sau uku tana ajiye jakarta a kan teburin tela tana sake ɗauka, audugar allurar yau na manne a hannunta. Ta biyar ke nan, irin wadda likita ya ce tana zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon kansar da ke jikinta da kanta.

"Malama, maganar aurenmu fa?" tela ya tambaya, idonsa a kan keke.

"Ka bari a yi hoton asibiti na wata mai zuwa. Ba zan bari ka auri jinya ba."

"Ni hoto na ce zan aura?"

Ta kau da kai, ta tura masa rigar da ya rage mata har sau uku tun da ciwon ya ramar da ita.

"Ni wannan ta kawo ni. Yanzu ta matse ni. Na san ba ta gyaruwa, tunda an yanke."

Ya juya rigar, ya farke ɗinkin gefe. Yadi ya warware, ninki bayan ninki.

"Ban taɓa sa mata almakashi ba," ya ce. "Na san za ki dawo cikinta."

Ta dube shi, ta dubi rigar. Sai ta ajiye jakar, ta zauna.