Ƙarashen Waƙar Umair

Makaɗa goma sha biyu sun gama tsoffin kaɗe-kaɗen Turai a wani zaure a unguwar Ƙurban, can ƙasar Larabawa, sai Umair ya gyara riƙon gogensa. Saura sabon kiɗan da ya tsara da kansa, daga wata waƙar reno da rabinta kawai yake iya tunawa.

Yana kaiwa inda ta ɓace masa, sai wata dattijuwa mai shara ta cafe daga bakin ƙofa, tana rera ƙarashen da Hausa, tana kuka. Ran Umair ya ɓaci. Shekara biyu yana jiran ranar nan.

"Ku fitar da ita!" ya daka wa masu gadi tsawa.

Suka nemi iƙamarta, wato takardar izinin zama a ƙasar, ba ta da ita. Nan take aka miƙa ta ga hukuma, sai mayarwa ƙasarsu.

Da aka watse, ya tarar da mahaifiyarsa Khalida zaune a kujera.

"Ummi, ina matar nan ta san waƙarki?"

"Wallahi ban taɓa rera maka ita ba, ya waladi, ɗana. Matar nan ce ta haife ka, ita ke rera maka har ka shekara uku, sannan ta miƙo min kai don ka samu takardun ƙasa."