Haruffan Cikin Laya

"Wallahi ba ni aika mai!" tsohon ya ce wa matarsa, yana dafe da ƙirji.

Ɗansu ne ya turo kaset daga Jidda, yana neman haruffan bankin Birnin Kebbi don ya aiko kuɗin injin ban-ruwa. Tsohon ya karɓo su daga bankin a rubuce, amma zuciyarsa ta ƙi. Wa ke ba da mabuɗin rumbu, ko ga ɗan cikinsa? Sai ya sa baduku ya ɗinke su cikin laya.

Da albasarsa ta bushe a fadamar Argungu don rashin ruwa, ya koma banki, ya farke layar, ya nuna wa ma'aikaci haruffan, ya raɗa masa: "Ɗana na Jidda asirina shika nema."

"Wane asiri, Baba? Adireshinmu na, hanyar da kuɗi ka biyowa."

Ma'aikacin ya nuna bango. Ga haruffan nan ɓaro-ɓaro, jama'a na wucewa, ba mai ko kallonsu.